Hawainiya a Ramar Baba

Gidan Malam Isiyaku,
Bakin Kanal, Bunkure.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Taufiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khadijat da yara, kamar yadda ta bar mu. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ku da sharrin hanya da na mutum a can Legas. Mu nan gida sai godiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, tana kuma nan da faɗanta, ka san kuwa ranar da Inna ta daina faɗa ranar ce za mu nemi motar kai ta asibiti. Baban Muhsina ya gama yankan shinkafar gonar Baba, an sussuke, an kai inji Kura, kuma ta yi auki fiye da yadda muka zata a shekarar da mai gonar bai leƙa ta ba. Muhsina ta shiga izu na goma, kanta ya fara girma da hakan, muna lallaɓa ta.

Na san za ka yi dariya ka ce Yaya Sadiya ta koma zamanin gidan waya alhali ga salula a hannunta. To ka yi dariyarka. A waya ba ka barin mutum ya kai aya. Tun kana ƙarami haka kake, ka yi tambaya ka ba kanka amsa, ka tashi ka tafi. Takarda kuwa ba a katse ta, shi ya sa na zaɓe ta, zan kuma ba Mudassiru direba da zai sauke shinkafa a wajenku ranar Laraba ya damƙa maka hannu da hannu. Maganar da ta sa na zauna rubutu ita ce ta zuwanka ƙarshen wata ka ɗauki Baba ka tafi da shi. Amma kafin in kai can sai ka yi haƙuri ka ji labarin wata baƙuwa da muka yi, don in ba ka san ta ba, ba za ka gane abin da nake roƙonka ba.

Ka tuna laƙabin da manoman bakin kanal suka sa wa Baba, wato Malam Isiyaku Kiyayi-Ramata. Shekara talatin duk wanda ya taɓa masa kunya, ko ya buɗe ruwa ranar da ba tasa ba, ko ya sa baki a harkar gidansa, amsar ɗaya ce: hawainiyarka ta kiyayi ramata. Ni da kai mun sha ta ba adadi. To tun ranar da ya faɗi lokacin dashen shinkafa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin nan da ke kora mutane ya rufe. Ka gan shi kwana biyar a asibiti ka koma bakin aikinka, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Ƙafar ta ɗan dawo, yana janta in an riƙe shi. Hannun dama kuwa sai dai a ɗauka a ajiye. Magana ba ta wuce to da a'a da salati. Mun je wajen ma'aikaciyar gashin ƙashi a Kano sau uku, a na huɗu ya riƙe ƙyauren zaure da hannun hagu ya ƙi shiga mota. Daga nan kullum sai mu fito da shi gindin lemun tsamin tsakar gida, ya zauna yana kallon 'yar ramar da ya shuka a jikin katanga kafin ya kwanta, daga hantsi har la'asar.

Wata Alhamis cikin watan jiya Inna ta je tsinko ganyen ramar za ta yi kwaɗo, sai muka ji salati da ƙarar kwano a ƙasa. Na fito da gudu na zaci maciji ne. Ashe hawainiya ce, babba, koriya shar, tana maƙale a karan rama kamar ita ta shuka. Wallahi Taufiq, da farko dariya ce ta kama ni. Mutum ya shekara talatin yana gargaɗin hawainiya, sai da bakinsa ya rufe sannan ta zo da ƙafarta ta hau ramar. Inna ta ce in fitar da ita maza, wai yawunta yana sauya fatar mutum, kuma kada 'yan dubiya su gani su ce asiri ake yi wa Malam. Ni kuwa uwar 'yan karambani, na ɗauki tsumma na cafke ta ta baya na fizgo. A cikin hannuna koren nan ya gudu, ta yi baƙi da ɗige-ɗige, ta kumbura, ta hangame baki tana huci, ƙafafunta suna lalube a iska suna neman abin kamawa. Sai na ji Baba yana buga kwanon shansa da turmi, bugu mai ƙarfi, idonsa a kaina jawur. Rabon da in ga fushinsa tun kafin ya faɗi. Na mayar da ita jikin ramar, sannan ya ajiye kwanon.

Tun daga ranar Baba ya sami aikin yi, ni kuma na sami makaranta. Sati na farko bai taɓa ta ba sam. Ya nuna mana a sauke shi daga kujera a shimfiɗa masa tabarma, ya zamana ita ce a sama shi ne a ƙasa. Ban gane dalili ba sai da na lura duk wanda ya tsaya a kanta sai ta lallaɓa ta koma bayan kara ta siranta jikinta, amma in mutum yana ƙasa da ita ko a jikinta. Ashe a wurinta duk abin da ya zo ta sama shaho ne. Na ajiye mata ruwa a murfin kwano, kwana biyu ba ta kalle shi ba. Baba ya ja butarsa, ya tsoma yatsun hagu ya yarfa wa ganye, sai ga ta tana lasar ɗigon da ke gangarowa, ɗaya bayan ɗaya. Baban Muhsina ya kamo mata fari daga gonar shinkafa don ya faranta masa, Baba ya shinshina ledar ya girgiza kai, ya kwaikwayi mai feshi da hannu. Sai na bayan katangar gidanmu, inda ba a taɓa zuba magani ba, ya yarda a ba ta. Dubi mutumin da muke zaton hankalinsa ya tafi tare da bakinsa.

Ni dai ban taɓa zama na kalli halittar Allah irin wannan kallon ba. Idonta ɗaya yana kan Baba, ɗayan yana can yana bin ƙuda a reshen lemo, kowanne da harkarsa, sai lokacin da za ta kai hari su haɗu wuri guda. Harshen kuwa ban taɓa ganin fitarsa ba, sai dai in ga fara a kara, in ƙifta ido, in ga ƙafar fara a bakinta. Yatsunta a haɗe suke biyu nan uku can kamar awartaki, jelarta a naɗe kamar gammo. In za ta yi taku ɗaya sai ta miƙa ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, ta sake shawara, sannan ta sauke. Da hantsi takan juya gefenta ga rana ta yi duhu-duhu don ta sha ɗumi, in ta ƙoshi ta koma kore. Wannan duhun daban yake da na tsoro, yanzu ina bambance su daga bakin madafa. Wani lokaci sai in samu kaina ina tasbihi ban sani ba. Mun taso muna jifan wannan abu da dutse, Taufiq, ba mu taɓa tsayawa mun ga ko mene ne ba.

A sati na biyu ya fara miƙa mata karan dawa, ta gaba, ta ƙasan haɓarta, ya tsaya cak. In ta juya masa baya sai ya janye, ba ya binta. In ta naɗe jela a reshe ba ya warwarewa, in ta riƙe ganye ba ya ɓamɓare ta. Ranar da ta fara saɓa, fatarta ta yi fari-fari tana ɗagowa, ko karan bai ɗauka ba, ya ƙyale ta har ta gama. Maƙwabta suka ji labari suka fara cika gida, wannan ya nuna da yatsa, wancan ya ce a taɓa bayanta a ga yadda take rikiɗa. Dattijo abokinsa ma cewa ya yi ya ji ana shanya irinta a daka a haɗa maganin shanyewar jiki. Baba ya juya fuskarsa ga katanga har Dattijo ya gaji da zama ya yi sallama. Daga ranar na sa doka, mai son gani ya zo shi kaɗai, ya zauna a ƙasa, ya riƙe hannunsa da bakinsa.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutu hawaye yana sauka a kan takardar, ka yafe inda tawada ta baje. Bayan ta saba da karan, Baba ya gwada miƙa mata hannun hagu. Ta ƙi. Ka san hannun Baba, ko lafiyarsa ƙalau ba ya zama wuri ɗaya, gaggawa a jininsa take, a wurinsa ka gado ta. Kwana huɗu yana miƙawa tana ƙi. Ranar Talata da hantsi ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, sai na ga ya sa hagu ya tallafo hannun dama, wannan da ba ya ko son a kalla, wanda yake ɓoyewa cikin riga in an yi baƙi. Ya ɗora shi a kan gwiwarsa, tafin a buɗe, daidai ƙasan ganyen da take kai. Hannun bai motsa ba, don ba ya iyawa. Ta juyo ido ɗaya ta dube shi. Ta miƙo ƙafa, ta fasa, ta sake miƙowa. Na ajiye rariya ban sani ba. Sai da garin da ke hannuna ya gama zubewa sannan ta sauke ƙafar farko a kan babban yatsansa, ta biyu ta biyo, har ta hau gaba ɗaya, kuma launinta bai sauya ba, kore shar kamar tana kan ramarta. Hannun da dukanmu muke tausayi, shi ta zaɓa. Na dubi fuskar Baba na ga ruwa yana bin gemunsa, ya nuna mini wurin da faratanta suka kama, ya gyaɗa kai. Yana jin riƙonta.

Bai tsaya nan ba. Ita hawainiya kullum sama take nema, in ta ga hannu yana ƙasa sai ta bi damtse ta nufi kafaɗa, daga nan sai hula. Baba ba ya son ta hau inda ba zai gan ta ba, dabarar kuwa ɗaya ce, hannun ya fi kafaɗa tsawo ko ya kusa. Da farko da hagu yake tura shi sama. Wata rana na ga ya saki hagun, daman ya tsaya shi kaɗai, yana karkarwa, gumi ya jiƙe masa wuya, amma bai bari ya faɗi ba, don akwai mai rai a kai. Na ƙirga numfashi bakwai kafin ya kai ta bakin reshe ta sauka da kanta. Ba ya wuce haka da ita, sau ɗaya a rana, wata rana ma ba ya taɓa ta, amma sai in gan shi yana gwajin ɗaga hannun shi kaɗai don ya shirya wa gobe. Na ɗauki hotonsa mai motsi na tura wa ma'aikaciyar nan ta Kano, ta kira ni da kanta ta ce ai wannan shi ne abin da ta yi ta roƙonsa ya yi ya ƙi, kuma kada mu saki, amma har yanzu yana bukatar gashin ƙashin a hannun masana. Waraka ta Allah ce, ban ce hawainiya likita ba ce. Na dai gaya maka abin da idona ya gani.

Ana cikin haka ka bugo waya ranar Alhamis ɗin nan. Na buɗe muryar wayar don Baba ya ji ka, na zaci gaisuwa za ka yi. Ka ce ka gama magana da asibiti, ka gyara ɗaki, ƙarshen wata za ka zo da mota, a haɗa masa kaya, kuma ba ka son jin wata gardama. Ka tambayi Inna, ka tambaye ni, ka tambayi kuɗin taki, ba ka ce a ba Baba wayar ba. Yana zaune a gefena yana ji. Na ga fuskarsa ta yi duhu, ya ja hannun dama ya mayar cikin riga, kuma na san wannan duhun, don na taɓa ganinsa a cikin tsummana. Kwana biyu bai ci tuwo ba, bai yarda a fito da shi gindin lemo ba. Hawainiyar ma tana can ƙasan ganye, babu mai yarfa mata ruwa sai ni, ni kuwa har yau ba ta gama yafe mini ba.

Kada ka ɗauka laifi nake ɗora maka kai kaɗai. A kwana biyun nan na zauna na yi wa kaina hisabi, na ga abin da ka yi a waya shi muke yi masa wata uku. Mu tsaya a kansa muna maganarsa kamar ba ya nan. Mu ɗaga shi ba mu ce za mu ɗaga ba. 'Yan dubiya su kama hannun su jijjiga su saki, su ɗaga murya kamar kurma ne. Kowa ya shigo sai ya ce sannu Malam, sannu Malam, ina jin ya sha sannu ta fi dubu, amma ba a sami mutum ɗaya da ya bi da shi sannu ba. Sai da Allah ya aiko wadda ba ta iya faɗin kalmar, ita ta iya aikata ta. Na ji kunya ƙwarai, har yanzu ina jinta.

Jiya da safe na shiga ɗakinsa, na zauna a ƙasa, shi yana bakin gado. Na ce masa maganar Legas ba ta yanke ba sai ya yanke ta, kuma zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Daga nan na kama bakina. Ka san yadda shiru yake yi mini wuya, sau uku na ji kalma ta zo leɓena don in ƙarasa masa, na haɗiye. Bakinsa ya yi ta motsi, ya fara ya fasa, ya sake farawa. Inna ta zo ƙofa da kunu, na ɗaga mata hannu ta tsaya. Can sai ga maganar ta fito, kalma bayan kalma, a karkace amma babu wadda ta ɓace, jimlarsa ta farko cikakkiya tun ranar da ya faɗi. Ya ce a gaya wa Taufiq hawainiyarsa ta kiyayi ramata. Inna ta saki kofin kunu, muka rasa kuka za mu yi ko dariya, muka haɗa duka. Shi ma kafaɗarsa tana rawa. Da muka lafa ya ɗaga yatsa alamar bai gama ba, muka sake jira. Ya ce amma in ta zo a hankali, akwai wuri.

To ka ji saƙonka, ban ƙara ba ban rage ba. Ni ban ce kada ka zo ba, ban kuma ce kada a nema masa magani ba, na san don Allah kake yi, kuma na san nisan nan yana cin ranka fiye da yadda kake nunawa. Ka zo, zumunta a ƙafa take. Amma ka bar maganar mota a zaure. Ka shigo ka zauna a tabarma ƙasa da shi, ka faɗa masa abin da likitocin suka ce, ka tambaye shi, sannan ka yi abin da ban taɓa ganin ka yi ba, ka jira amsa. Wataƙila ya ce Legas, wataƙila ya ce a koma Kano, wataƙila ya juya maka baya ranar farko. In ya juya ka janye, gobe ma rana ce. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. In kuwa ka cafke shi ta baya, za ka iya sa shi a mota, ƙarfi kana da shi, amma ina tsoron hannun nan ya koma cikin riga ya ƙi sake fitowa.

Ka gaishe mini da Khadijat da kyau, ka ce mata kukar da daddawar da ke cikin ledar nan daga Inna ne, shinkafar kuma ta gonar Baba ce, kada ta haɗa ta da ta kanti. Ka shafa mini kan Jamaluddeen da Maharazu, ka ce in sun zo za su ga baƙuwar kakansu, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma hannu a baya. Inna tana gaishe ku tana sa albarka. Baban Muhsina da Muhsina suna gaisuwa, Gwaggo Tambaya ta Garun Malam ma ta ce kada in manta da ita. Allah ya kawo ka lafiya, ya ba Baba lafiya mai ɗorewa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

A ƙasan sunana za ka ga wani zane a karkace, kada ka zaci tawada ce ta zube. Ɗazu da la'asar, bayan ya mayar da hawainiyar reshenta, Baba ya nuna a kawo masa alƙalaminsa na kara da tawada. Harafin “ta” ne na ajami, farkon sunanka. Da hannun dama ya yi shi. Ɗigo biyun da ke sama sun ɗauke shi har aka fara alwalar magariba, kuma babu wanda ya riƙe masa hannu.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka Halimatu Sa'adiyya.

ت